Injin Gefen Ginshiƙi

Shekara sha tara ina buɗe cikinsu a Reno,
mabuɗi a hannu, 'yar tocila a baki,
daga sha biyun dare har asuba
ta shafa ƙanƙarar duwatsun yamma.
Nan ciki ba agogo, ba taga.
Dare da rana darduma ɗaya suke takawa.

Lorraine Etchart takan shigo ƙarfe biyu,
tsohuwar direbar motar 'yan makaranta,
dala arba'in a ambulan, ambulan a aljihu.
Takan bi layi tana dafa gilashi
kamar mai zaɓen kankana:
"Dalton, wanne ne ya nuna?"

Na faɗa mata, na sake faɗa:
babu nunanne, babu ɗanye.
Can ciki akwai 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta kai farce ba,
tana zubo lambobi dubu-dubu kafin ƙiftawa,
da mutum a kujera, ko kujera na hutawa.
Kina dannawa ta cafke guda.
Shi ke nan, an yanke hukunci.
Juyin lemo da ƙararrawa da bakwai-bakwai
da ke riƙe miki numfashi
ihu ne bayan hari.

Inji bai san jiya ba.
Bai san ya ci ki ba, bai san sunanki ba,
ba kya bin sa bashi.
Bakwai biyu sun tsaya, na uku ya leƙo ya noƙe?
Ba kusa kika yi ba.
An zana leƙen ne don ki sake.

In dole sai kin zaɓa, na ce,
karanta allon biya kafin ki zauna.
Na kwabo-kwabo ya fi kwalliya, kuma ya fi yankan baya.
Na dala ya fi mayarwa,
sai dai kafin shayi ya huce ambulan ya zama fanko.
Akwai mai yayyafi, ɗigo-ɗigo, ya kai ki asuba.
Akwai mai fari, wata da watanni,
sannan ambaliya kan mutum guda.
Ko wanne kika hau, cikin ɗari
gida na cire takwas ɗinsa, ko goma,
ba fushi, ba gaggawa,
yadda kogin Truckee ke cin gaɓa.

Ta saurara, ta gyaɗa kai,
ta koma na gefen ginshiƙi, inda ta saba.

Wata Laraba ta tashi miƙe ƙafa.
Wani yaro mai malafa, da ƙurar hanya a takalmi,
ya zauna kan ɗumin kujerarta,
ya danna sau ɗaya.
Fitilu suka haukace. Dala dubu sha ɗaya.
Ni aka kira in tabbatar.
Tana tsaye bayansa da kofin takarda,
hannun bai ko girgiza ba.

Na ce, ba rabonki ya ɗauka ba.
Ko kina zaune, sai yatsanki ya faɗa
kan wannan ɗigon daƙiƙa, shi kansa, ba maƙwabcinsa ba.

Ta ce, "Na sani, Dalton.
Shekara talatin ina ƙirga kawunan yara, na iya lissafi.
A gida firiji kaɗai ke magana.
Nan sanyin rufi ba ya dukan kafaɗa,
Consuelo na kawo shayi ban tambaya ba,
kai kuma kana zuwa ka yi mini wa'azi.
Dala arba'in. Ina ka ga araha haka?"

Na yi dariya, na rufe ƙofar injin.
A aljihuna akwai takardar ofis:
na gefen ginshiƙi ya tsufa, ran Litinin za a cire.
Ban faɗa mata ba.
Na dai rubuta a ƙasa, da biro:
kowanne za ku kawo, ku bar kujerar.